Kafson Dubiya da Ƙodar Manu

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cajin waya, ina jin abin da kuke faɗa, don kunnena bai tsufa ba tukuna. Wai kemis ba aiki ba ne: a miƙo kuɗi, ka miƙa magani, ka koma gaban fanka ka zauna. Wani cikinku har cewa ya yi idan ya rasa abin yi zai buɗe kemis. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma tsare mutanen unguwarsu.

A Tambuwal na koyi sana'ar nan, wajen maigidana Malam Haliru, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a shagonsa ban taɓa ƙwaya da hannuna ba. Aikina goge kwalabe, da duba ranar lalacewa a jikin kwali, da naɗe 'yan takardun da ake zuba magani. Daga baya ya koya mini zane da biro saboda waɗanda ba su karatu: sanda ɗaya safe, sanda ɗaya rana, sanda ɗaya dare. Ranar da ya fara barina in tsaya a kanta, wani dattijo ya shigo ya ce a ba shi maganin tsutsar ciki. Na ɗauko da rawar jiki, na ƙulle, har na zana masa sanduna. Malam Haliru yana kishingiɗe a tabarma, ko buɗe ido bai yi ba, ya tambayi dattijon wa zai sha. Dattijo ya ce bijiminsa ne. Da mutumin ya fita na jira faɗa, ban samu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, almakashi da cokalin ƙirga ƙwaya kowa na iya saye a kasuwa, amma kayan aikin mai kemis tambaya ce guda, wa zai sha.

Da ya sallame ni na dawo gida Kebbe na buɗe nawa. Kayan aikin sun ƙaru a hankali: na'urar awon jini, sannan ta gwajin suga, sannan ƙaramin firij mai sola da kuke ɗora wayoyinku a kansa ba izini. Masu saye kuwa ba su canza ba. Akwai mai zuwa ya ce a yi masa haɗin magunguna, ba zai gaya maka abin da ke damunsa ba, don a ganinsa in ka isa ka sani da kanka. Akwai mai kwatanta magani da launi, ya ce irin wanda maƙwabcinsa ya sha bara ya warke, fari mai tsaga a tsakiya. Duk suna kirana likita. Na gaji da cewa ni ba likita ba ne, na bar su, tunda sunan ba ya hana su yi mini musu.

Sarkin magani a ƙasarmu kafso ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman ja da rawaya da ja da baƙi. Ciwon kai kafso, gudawa kafso, gajiyar noma kafso. Ana fasa shi a barbaɗa a gyambo, ana zuba wa kaji a ruwa, ana ɗura wa ragon layya. Ba mai shan sa har ya cika kwanakin da aka rubuta, biyu za a haɗiya a ajiye sauran a aljihun riga sai wata lalurar. Tun kafin dokar ta matsa nake ja da mutane a kan wannan, ina samun nasara wani lokaci, yawanci kuwa a tafi wajen mai tallan magani a tire ranar kasuwa, wanda kayansa suka sha rana har suka koɗe.

Aikin da ya fi koya mini sana'ar nan shi ne na Alhaji Bube na Fakku. Manomi ne mai shanu, mutum mai buɗaɗɗen hannu, wanda ba a suna ko jana'iza a yankin ba a gan shi ba. Ƙodarsa ta lalace, aka yi ta kai shi wankin ƙoda har shanu suka fara raguwa a garke. Daga ƙarshe likitoci suka ce sai dashe. Aka gwada dangi, ta ƙaninsa Manu ta dace. Manu makiyayi ne da ba ya magana sai dole, in ka gaishe shi sau uku ka ƙarar masa da zancen yini. Da aka tambaye shi ko ya yarda, cewa ya yi a yi sauri, don damina ta kusa. Aka tafi da su wani babban asibiti mai nisa, aka cire ta Manu ɗaya aka sa wa Bube, Allah ya sa aka dace.

Sun dawo da jakar magani da sharaɗi mai nauyi. Jikin mutum ba ya karɓar baƙo, in ya ga ƙodar da ba tasa ba sai garkuwarsa ta tasar mata da yaƙi. Saboda haka Bube zai riƙa shan magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki har iyakar ransa, kuma ba zai ƙara ko ƙwaya ɗaya a kansu ba sai da sanin likitarsa ta Sakkwato. Ni aka ɗora wa sayo magungunan daga birni da kai su Fakku a kan babur, a hanyar nan da kuka sani, wadda ke mayar da lafiyayye majinyaci.

A watannin da suka biyo baya ciniki ya buɗe mini irin wanda ban taɓa gani ba. Kafso ba ya kwana a kanta. In na tambayi wa zai sha, sai a ce na gida ne, ko a ce gudawa ce ta kama wani babba. Gudawa kuwa ba baƙuwa ba ce da damina. Amma abu biyu suka tsaya mini a rai. Mai majinyaci a gida yana taya magani kamar zai sayi akuya, waɗannan kuwa ba su tayawa, mai tsadar ma suke nema. Sannan suna zuwa cikin wankakkun riguna, su ce in sa musu a leda mai kyau. Ban taɓa ganin mai gudawa ya damu da kyan leda ba. Rannan wani tela daga Dogon Daji ya tsaya, ya sayi nasa, ya tambaye ni ko hanyar Fakku ta bushe. Na ce wa zai sha. Ya dube ni kamar na tambaye shi alƙibla, ya ce dubiya za shi wajen Alhaji Bube, ko so nake ya shiga hannu rabbana.

Ku yaran yanzu dubiyarku a waya take, ku tura hoton hannu biyu ku ce Allah ya ba da lafiya. A wajenmu ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake, kuma wanda ya kawo magani ya fi wanda ya kawo kaza daraja, don shi waraka ya kawo. Mai kawowa ba ya ajiyewa ya tafi. Zai zauna, a kawo ruwa, ya ga an haɗiya, sannan ya yi addu'a ya tashi da farin ciki. Majinyacin da ya ce ba zai sha ba kamar ya ce yana zargin mutum da sammu ne. Bube kuwa ya yi shekaru yana zuba alheri a gidajen mutane, ga ranar ramawa ta zo. An ji labarin garkuwar jikinsa ta yi rauni, kowa ya yi lissafin cewa mai raunin garkuwa kafso yake bukata. Da kafson ya sa shi gudawa, labari ya bazu cewa Alhaji na gudawa, sai aka ƙara kawo kafso.

Washegarin zuwan telan na hau babur zuwa Fakku. Na tarar da Alhaji a zaure ya rame, idanu sun faɗa, buta a gefensa ta dama, kofin ruwa a hagu, yana sha yana fita. Matarsa Hajiya Altine ta aiko a gaya mini tururuwa na taruwa inda yake fitsari. Na soke masa yatsa na gwada suga, lambar da ta fito ta sa na goge na'urar da bakin riga na sake gwadawa. Na tambaye shi me yake sha bayan maganin asibiti. Ya ce ba komai, sai ɗan abin da jama'a ke kawowa. Hajiya ta turo tsohon gwangwanin madara babba cike da ɓawon kafso, ta ce wannan wanda ta share ne kawai, ban da wanda awaki suka ci.

Muka ɗauke shi zuwa Sakkwato, ni da Manu. Likitar ta juye gwangwanin a kan tebur, ta jima tana tona shi da biro, sannan ta tambayi Alhaji ko kemis ya buɗe a cikinsa. Ba ta yi faɗa ba, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce magungunan dashen su kansu suna iya tayar da suga, an san da haka, kasada ce da ake ɗauka don ƙoda ta zauna. Ta ce a hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske, waɗanda ke taya shi sarrafa abinci, kuma suna da hannu a yadda jiki ke daidaita suga. Magungunan dashe sun riga sun dagula su, kafso kuma ba ya tambayar wane ne mugu wane ne na kirki, share su yake yi gaba ɗaya. Ga gudawa da wasu irin kafson suna sa maganin dashe ya taru a jini fiye da kima, ya ƙara tura sugan, ya kuma ƙona ƙodar da aka kawo shi ya tsare. Na tambaye ta ko kafson ne ya jawo sugan. Ta ce ba za ta rantse ba, masana na kan binciken yadda abubuwan ke haɗuwa, amma in an ci gaba a haka za ta iya rantsewa a kan ƙodar. Sai na ga Manu ya ɗora hannu a kwiɓinsa, wajen ɗinkin.

An kwantar da Bube har ya farfaɗo, aka ɗora shi a kan allurar suga, muka dawo. Ni kuma na shiga aikin da ya fi ƙarfina, wato bayyana wa mutanen Fakku cewa akwai ƙwayoyin cuta masu amfani. A zaure na yi jawabin, dattawa suka saurara da ladabi, ɗaya ya ce to ashe akwai ɓarawo mai amana, aka yi dariya. Hajiya Altine ce ta cece ni daga bayan zana. Ta ce ita ta gane, ai saniyar da aka yi wa allurar kafso, in an tatse ta, ko an zuba tsohon nono a ƙwaryar madarar ba ta kamawa, haka za ta kwana tsararo. Ta ce abin da ke sa nono ya kama shi allurar ke kashewa, kuma da alama cikin Alhaji ya zama ƙwaryar da ba ta kamu ba. Matan gidan duk suka gane a take. Mazan suka ce wannan zancen nono ne, su ba su tatsa.

Daga nan muguwar shekarata ta fara. Duk wanda ya zo da wankakkiyar riga yana neman leda mai kyau, na ce ba zan sayar ba. Kafin wata ya ƙare labari ya zaga cewa Attahiru mai kemis ya hana bawan Allah magani. Wasu suka ce na haɗa baki da likitocin birni don a ci gaba da sayen masu tsada. Wasu suka ce boko ne ya hau mini kai, ni da ban wuce sakandare ba. Mutanen Fakku suka daina shigowa, danginsu na Kebbe suka bi sahu, har mai ciwon haƙori ya gwammace ya wuce ƙofata riƙe da kunci. Magani ya lalace a kanta na kwashe na ƙona. Mai tire kuwa ya sayi sabon babur, yana wucewa yana yi mini hon na gaisuwa. Kafso bai daina isa Fakku ba, hanya kawai ya canza. Hajiya na tare abin da ta iya, amma mace ba ta zama a zauren maza, Bube kuma in an miƙo masa sai ya ce kunya ba za ta bar shi ba.

Wata ranar bayan la'asar na kai magungunan wata, na tarar da zaure cike. Baffa Jaɓɓi ne ya zo, mahaifin Hajiya Altine, tsoho mai zafin rai da ya taho daga rugarsu a bayan babur ɗin jikansa. Bube, wanda ko goro bai taɓa ci a gaban surukinsa ba, ya sauka daga katifa ya durƙusa, kai a ƙasa. Tsoho ya kwance bakin rawani ya fito da kafso, ya ce a Tambuwal ya aika aka sayo, tunda na Kebbe sun zama na masu gari. Bai dube ni ba, amma kowa ya dube ni. Ya sa aka kawo ruwa, ya ɓare da kansa, ya miƙa. Bube ya buɗe tafin hannu. Ni ba dangi ba ne, ba ni da bakin magana tsakanin mutum da surukinsa, na tsaya riƙe da jakata.

Manu na zaune bakin ƙofa kusa da takalma, inda ya saba zama. Ya taso ya durƙusa gaban tsohon, ya sa hannunsa a kan tafin yayansa.

Ya ce, "Baffa, a yi mani aikin gahwara. Cikin nashi na, amma ƙodar tawa ta. Aro na ba shi. Duk mai ba ta magani, ni za ya tambaya."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To kai amshi ka sha, tunda kai ad da ita."

Manu ya ce, "Wadda tar rage mani guda ta, Baffa. In ta tahi, ba ni da ƙanen da za ya ba ni."

Baffa Jaɓɓi ya jima yana juya kafson a hannu. Sannan ya mayar da shi bakin rawani ya ƙulle, ya ce dama bijiminsa na tari. Ya yi addu'a gajeriya ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, har yanzu bai dube ni ba, ya tambayi bango ko mutum zai riƙa zuwa gaida surukinsa hannu sake ke nan kamar baƙon kasuwa.

Tambayar nan na yi ta juyawa a kan babur har Kebbe. Wata da watanni ina cewa a'a, ban taɓa ba mutane abin da za su riƙe a maimako ba. Malam Haliru bai taɓa sallamar mai saye da babu ba, ko ya hana ka abin da ka zo nema sai ka fita da wani abu a hannu. Na yi odar tsinken gwajin suga, irin wanda kowanne ke cikin ledarsa, na sayo 'yan ledoji masu ƙyalli. Na aika wa Baffa Jaɓɓi cewa akwai wani abu da likitar Sakkwato ta ce Alhaji na bukata kullum, ya fi kafso tsada, ba kowa ke iya kai shi ba. Wannan na ƙarshen ne ya yi aiki. Ranar kasuwa sai ga jikansa ya zo saye, kafin wata ya zagayo duk mai ji da kansa a Fakku da tsinke yake zuwa dubiya.

Abin da ban hango ba shi ne al'ada ba ta sauka daga inda take. Mai kawo tsinke shi ma ba ya ajiyewa ya tafi. Zai zauna, a ɗauko na'ura, a soki yatsan Alhaji a gabansa, a karanta lamba da ƙarfi. In ta yi ƙasa ya ce tsinkensa na da albarka, in ta yi sama a ce na wane ne bai da kyau. Yau a Fakku ana sanin sugan Alhaji Bube kamar yadda ake sanin farashin gero. Ya taɓa nuna mini yatsunsa duk tabo, ya ce, "Attahiru, kun tsirar da ƙoda, kun kashe yatsu." Na ce ya gode Allah, yatsu goma gare shi.

Sugan bai tafi ba, kuma likita ta ce da wuya ya tafi. Alhajin da ake dama wa fura da zuma yanzu allurarsa na cikin gwangwani a gindin randa don sanyi, tuwonsa an rage, zogale ya ƙaru. Gudawar ta tsaya, jiki ya dawo, yana zuwa gona ya tsaya a inuwa yana ba da umarni. Har gobe akwai dattawan da ke cewa da ban hana shi kafso ba da sugan bai zauna ba, kuma suna faɗa ne a kan wannan bencin da kuke kai, suna jiran in auna musu jini kyauta.

Manu kuwa kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai malfa da ke jingina sandarsa a jikin firij ranar kasuwa. Ba ya sayen komai. Ya san ni nake magana da likitar bayan kowane gwaji, ya kuma san a gidansu ƙane ba ya tsayawa gaban mutane yana nuna damuwa da yayansa, abin kunya ne. Sai ya jira shago ya rage, ya gaishe ni, ya dubi kwalaben da ke saman kanta kamar yana neman wani abu, sannan ya tambaya a hankali.

"Likita, ya ƙodata?"

In ce masa tana nan lafiya, tana cin abinci, jiya ma ta je gona. Sai ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa ya fita.